Darasi na 14: Ciwon Hanta da Dajin Ɓargo

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so ɗalibi ya iya:

1. Bayyana hanyoyin da ake kamuwa da ciwon hanta nau'in B da nau'in C.
2. Faɗin alamomin dajin ɓargo.
3. Bayyana hanyoyi biyu da waɗannan cututtuka suke haɗuwa a jikin mutum ɗaya.
4. Sanin gwajin da zai nema, da lokacin da ya kamata ya neme shi.

Gabatarwa

Mazauna Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni a Kano maƙwabtan babban asibiti ne. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, yana bakin titin Zariya cikin Ƙaramar Hukumar Tarauni, kuma a nan ɗaliban likitanci na Jami'ar Bayero suke koyon aiki. Daga Unguwa Uku, ko Darmanawa, ko Daurawa, ɗan sahu zai kai mutum bakin ƙofar asibitin ba tare da wata doguwar tafiya ba. Duk da haka, yawancinmu ba mu san abin da ke cikin jininmu ba. Mutane da yawa ba sa sanin suna ɗauke da ciwon hanta sai ranar da suka je ba wa ɗan'uwa jini, aka gwada, aka ce nasu ba zai yiwu ba. Wasu kuma sai maganar aure ta taso, domin tun watan Mayun 2024 dokar Jihar Kano ta wajabta gwajin lafiya kafin ɗaurin aure, kuma gwajin ciwon hanta nau'in B da C yana ciki.

An daɗe da sanin cewa ciwon hanta yana lalata hanta, har ya kai ga dajin hanta. Abin da mutane ba su cika ji ba shi ne, ɓarnarsa ba ta tsaya a hanta kaɗai ba. Binciken likitoci na 'yan shekarun nan ya nuna akwai alaƙa tsakaninsa da wani ciwon daji da ke tsirowa a cikin ɓargon ƙashi, wanda likitoci ke kira mayeloma. A wannan darasi za mu riƙa ce masa dajin ɓargo.

Ciwon hanta nau'in B da nau'in C

Ƙwayoyin cuta na bairos da ke kama hanta iri biyar ne: A, B, C, D da E. Nau'in A da E ta gurɓataccen ruwa da abinci ake ɗaukarsu, kuma galibi sukan zo su wuce. Nau'in B da C su ne masu zama a jiki shekara da shekaru ba tare da mutum ya ji komai ba. Wani likitan Amurka, Baruch Blumberg, shi ya gano alamar nau'in B a cikin jini a shekarun 1960, shi ya sa ake bikin Ranar Ciwon Hanta ta Duniya kowace 28 ga Yuli, ranar haihuwarsa. Nau'in C kuwa sai a 1989 aka gano shi.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya ce a shekarar 2022 mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da nau'in B, miliyan 50 kuma da nau'in C, kuma cututtukan sun kashe kimanin mutum miliyan 1.3 a wannan shekarar. A Najeriya, babban binciken da aka yi gida-gida a 2018 ya samu nau'in B a jinin kashi 8.1 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 64, nau'in C kuma a kashi 1.1. Ke nan a cikin manya ɗari, kimanin takwas suna ɗauke da nau'in B.

Ga manyan hanyoyin da ake ɗauka:

- Daga uwa zuwa jariri lokacin haihuwa. Jaririn da ya kamu a wannan lokaci, kusan 9 cikin 10 cutar takan zauna masa har girma. Babba kuwa idan ya kamu da nau'in B, yawanci jikinsa yakan kore ta da kansa.
- Ta kayan da suka taɓa jinin wani ba a tsaftace su ba: askar wanzami, kayan ƙaho da kaciya da cire beli, almakashin mai yankan farce, reza, da allurar da aka maimaita.
- Ta ƙarin jinin da ba a tantance ba.
- Ta saduwa da mai ɗauke da cutar, musamman nau'in B.

Ba a ɗaukar nau'in B ko C ta gaisawa, ko cin abinci kwano ɗaya, ko zufa, ko cizon sauro. Uwa mai ɗauke da cutar za ta iya shayar da ɗanta. Don haka ba daidai ba ne a ware wa mai ciwon hanta kofi da tabarma, ko a hana shi shiga sahu a masallaci.

Wasu sukan ce, "Ai ban taɓa yin shawara ba, idona bai taɓa yin ɗorawa ba." Wannan ba hujja ba ce. Mafi yawan masu ɗauke da cutar lafiyarsu ƙalau a ido, suna kasuwa, suna noma, suna haihuwa. Gwajin jini ne kaɗai ke nuna gaskiya.

Mene ne dajin ɓargo?

Duk wanda ya taɓa fasa ƙashi ya san ɓargo. A jikin ɗan Adam, a cikin ɓargo ake ƙera jini: jajayen ƙwayoyin da ke ɗaukar iska, da fararen da ke yaƙi da cuta, da masu sa jini ya daskare idan an yanke. Cikin fararen akwai wasu da ake kira ƙwayoyin filasma. Aikinsu shi ne haɗa sinadarin kariya, wato wani furotin da ke gane ƙwayar cuta ya maƙale mata. Kowane rukunin filasma da irin cutar da ya sani, kuma ita kaɗai yake haɗa wa sinadari.

Dajin ɓargo yana farawa ne idan ƙwayar filasma guda ta lalace, ta shiga hayayyafa ba ƙaƙƙautawa. 'Ya'yanta duk iri ɗaya ne, kuma sinadari iri ɗaya suke ta zubawa cikin jini. Tun a shekarun 1840 wani likita a Landan, Henry Bence Jones, ya gano ɓurɓushin wannan furotin a fitsarin wani majinyaci, kuma har yau gwajin da sunansa ake kiransa.

Idan waɗannan ƙwayoyi suka cika ɓargo, abubuwa huɗu ne suka fi bayyana:

1. Ciwon ƙashi, musamman gadon baya, ƙugu da haƙarƙari. Ƙashi yakan rarake, har ya karye ba tare da an faɗi ko an bugu sosai ba.
2. Ƙarancin jini, da kasala, da haki.
3. Lalacewar ƙoda, saboda furotin ɗin yana toshe ƙananan hanyoyinta. Wani lokaci fitsari yakan yi kumfa.
4. Yawan sinadarin kalsiyam a jini, wanda ke fitowa daga ƙashin da ke narkewa. Shi ke kawo ƙishirwa, yawan fitsari, bushewar ciki da ruɗewa.

Bayan waɗannan, majinyaci yakan riƙa kamuwa da cututtuka a kai a kai, kamar ciwon huhu, domin garkuwar jikinsa ta yi rauni.

Cutar ta fi kama waɗanda suka haura shekara 50, kuma ta ɗan fi yawa ga maza. A Amurka an lura cewa baƙaƙen fata sun ninka farare wajen kamuwa da ita. Kafin ta zama daji, takan fara da wani mataki marar alama da likitoci ke taƙaita sunansa da haruffan MGUS, inda ake ganin furotin ɗin a jini amma mutum lafiya lau. Cikin masu wannan mataki, kimanin mutum ɗaya cikin ɗari ne nasa ke juyewa ya zama daji a kowace shekara. Wani bincike da aka wallafa a 2007 kan dattawa maza a Akara, babban birnin Gana, ya samu wannan mataki a jininsu kusan ninki biyu na abin da aka samu ga fararen fata a jihar Minnesota ta Amurka. Saboda haka cutar ba baƙuwa ba ce a Afirka ta Yamma. Abin da ke faruwa shi ne, a wajenmu sau da yawa akan ɗauke ta a matsayin sanyin ƙashi, ko tsufa, ko jifa, sai a makara.

Alaƙa ta farko: cutar da ta daɗe tana tsokanar garkuwar jiki

Ba sabon abu ba ne ƙwayar cuta ta jawo ciwon daji. A 1958 likita Denis Burkitt ya bayyana wani dajin muƙamuƙi da ke kama yara a Yuganda, kuma a 1964 aka gano bairos a cikinsa. Dajin bakin mahaifa ma bairos ke kawo shi, shi ya sa Najeriya ta fara yi wa 'yan mata allurar rigakafinsa a watan Oktoban 2023. Ciwon hanta nau'in C kuwa an tabbatar yana cikin abubuwan da ke jawo wani dajin fararen ƙwayoyin jini da ake kira limfoma, kuma an ga majinyatan da dajinsu ya ja da baya bayan an yi musu maganin hantar kawai.

Yaya haka ke faruwa? Mu kwatanta da 'yan sintirin unguwa. Ɓarawo ya shigo, aka tashi ɗan sintirin da ya san fuskarsa, aka ƙaro masa mataimaka. Idan an kama ɓarawon, kowa sai ya koma gida. To amma idan ɓarawon ya samu maɓoya a cikin unguwar, shekara ashirin ana farautarsa kullum ana ƙara ɗaukar mutane, wata rana sai a samu wanda ya fanɗare a cikinsu, ya tara yaransa, su zama su ne fitinar unguwa. Haka ƙwayoyin filasma suke idan bairos ya zauna a jiki shekara da shekaru. Kullum ana sa su hayayyafa, kuma yawan hayayyafa yana ƙara yiwuwar a samu wadda ta lalace.

Masu bincike a Asibitin 12 de Octubre da ke Madrid a ƙasar Sifaniya, ƙarƙashin Joaquín Martínez-López da María Linares, tare da Sylvie Hermouet ta birnin Nantes a Faransa, sun bi diddigin wannan tunani. Abin da ya ja hankalinsu shi ne wani majinyaci mai dajin ɓargo da aka yi wa maganin ciwon hanta nau'in C, sai dajin ya lafa. Suka shiga tambayar kansu: furotin ɗin nan da dajin ke zubawa, wace cuta aka haɗa shi ya yaƙa tun asali?

A 2022 suka wallafa abin da suka gani ga mutum tara masu nau'in C, inda waɗanda aka yi wa maganin hanta suka fi samun sauƙi. A farkon 2024 kuma, a mujallar likitocin jini mai suna Haematologica, suka kawo sakamakon mutum 45 masu nau'in B da ke da wannan furotin a jini. A cikin 11 daga cikinsu, furotin ɗin bairos na hanta yake hari kai tsaye. Daga nan suka duba bayanan masu dajin ɓargo 1,367 da ke da nau'in B, da wasu 1,220 da ke da nau'in C. A duka rukunonin biyu, waɗanda suka sha maganin bairos sun fi waɗanda ba su sha ba tsawon rai.

Sai a yi hattara wajen fahimtar wannan sakamako. Irin wannan bincike na duba bayanan majinyata yana nuna alaƙa ne, shi kaɗai ba ya isa a yanke hukunci cewa ciwon hanta ne ya haifar da dajin kowane mutum. Dajin ɓargo cuta ce da ba ta da yawa, kuma mafi yawan masu ciwon hanta ba za su taɓa yin sa ba har ƙarshen rayuwarsu. Haka kuma akwai masu dajin ɓargo da yawa da ba su taɓa yin ciwon hanta ba. Maganin hanta kuma ba ya maye gurbin maganin daji. Darasin da ke ciki shi ne, barin bairos a jiki ba magani yana da haɗarin da ya wuce na hanta, kuma yi masa magani yana da amfanin da ya wuce na hanta.

Alaƙa ta biyu: maganin daji yana iya tayar da ciwon hanta

Wannan alaƙar babu jayayya a kanta, kuma ita ce ta fi shafar majinyaci a yau. Nau'in B yakan ɓuya a cikin hanta ko da mutum ya warke a zahiri. Garkuwar jiki ce ke danne shi. Magungunan dajin ɓargo, irin su dexamethasone, bortezomib da daratumumab, da kuma dashen ɓargo, duk suna rage ƙarfin garkuwa. Da zarar ta yi sanyi, sai bairos ya farfaɗo ya shiga yaɗuwa. Hanta takan kumbura, ido ya yi ɗorawa, wani lokaci hantar ta tsaya da aiki gaba ɗaya. Ko da bai kai haka ba, dole a dakatar da maganin daji, shi kuma dajin ya samu sarari.

Shi ya sa ƙa'idar likitoci ita ce a gwada hanta kafin a fara maganin daji. Gwaje-gwajen da za ku gani a rubuce a takardar likita su ne:

- HBsAg: yana nuna ko nau'in B yana cikin jini yanzu.
- Anti-HBc: yana nuna ko mutum ya taɓa kamuwa a baya. Wannan yana da muhimmanci, domin na farko yana iya fitowa babu komai alhali bairos yana ɓoye a hanta.
- Anti-HCV: yana nuna ko an taɓa haɗuwa da nau'in C. Idan ya nuna akwai, sai a yi wani gwajin don a ga ko bairos ɗin yana nan har yanzu.

Idan an samu nau'in B, likita yakan ɗora majinyaci kan ƙwayar tenofovir ko entecavir, guda ɗaya a rana, tun daga fara maganin daji har watanni bayan an gama. Ba a daina wannan magani da ka, domin yanke shi farat ɗaya yana iya tayar da cutar da ƙarfi. Nau'in C kuwa yanzu ana warkewa daga gare shi sarai: ƙwayoyi irin su sofosbuvir da daclatasvir na mako 12 suna warkar da fiye da mutum 95 cikin 100. Ƙasar Masar, wadda a da take cikin na gaba a duniya wajen yawan masu nau'in C, ta gwada miliyoyin jama'arta daga 2018, ta yi wa masu cutar magani, har a watan Oktoban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida ta a matsayin ƙasa ta farko da ta kai matakin zinare a hanyar kawar da cutar.

Misali don tattaunawa

Mu ɗauka ga wani magidanci ɗan shekara 58, yana sayar da hatsi a kasuwa. Wata huɗu ke nan bayansa na ciwo, dare ma ba ya barinsa barci. Kullum sai ya aika kemis a haɗo masa maganin ciwon jiki. Ran nan ya sunkuya zai ɗaga buhu, sai haƙarƙarinsa ya tsage, aka kai shi wajen mai ɗori. Matarsa ta lura ya yi fari, ga yawan shan ruwa. Shekara goma da suka wuce an taɓa hana shi ba da jini, aka ce yana da ciwon hanta, amma bai koma ba tunda ba ya jin komai.

Akwai abubuwa uku a nan. Na ɗaya, ciwon bayan da ya wuce wata guda ga mai shekaru irin nasa, tare da ƙarancin jini da karaya ba dalili, na asibiti ne, ba na kemis ba. Na biyu, magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen suna ƙara lahanta ƙodar mai dajin ɓargo. Na uku, maganar nan ta shekara goma dole likita ya ji ta tun ranar farko. A asibiti za a auna jininsa da fitsarinsa, a duba ƙoda, a ɗauki hoton ƙashi, idan ta kama a ɗebo ɗan ɓargo daga ƙashin ƙugu da allura. Dajin ɓargo ba a cika warkewa daga gare shi gaba ɗaya ba, amma magani yana danne shi, mutum ya yi shekaru yana harkokinsa, musamman idan an gano shi kafin ƙoda da ƙashin baya su lalace.

Abin da kowane gida zai yi

1. Kowane babba ya yi gwajin nau'in B da C ko da sau ɗaya. Wanda aka samu ba shi da nau'in B, ya karɓi allurar rigakafi sau uku. Nau'in C ba shi da allurar rigakafi.
2. A yi wa jariri allurar nau'in B cikin awa 24 da haihuwa, ko da a gida aka haihu, sannan a cika sauran a mako na 6, na 10 da na 14. Najeriya ta sa wannan allura cikin rigakafin yara tun 2004, ma'ana yawancin waɗanda aka haifa kafin nan ba su samu ba.
3. Mai ciki ta nemi gwajin hanta a wajen awo. Idan bairos ya yi yawa a jininta, akwai maganin da za a ba ta don kare jaririn.
4. A je wa wanzami da mai yankan farce da sabuwar reza ko kayan mutum na kansa. Kada a yarda da allurar da ba a gaban mutum aka buɗe ta ba.
5. Wanda aka samu da cutar ya riƙa ganin likita a kan kari, ya kai matarsa ko mijinta da yara a gwada su, ya guji giya da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba.
6. Duk wanda za a fara wa maganin daji kowane iri, shi ko mai jinyarsa ya tambaya: "Likita, an duba hanta kuwa?"

Auna fahimta

1. Kawo hanyoyi uku da ake ɗaukar ciwon hanta nau'in B, da hanyoyi uku da ba a ɗaukarsa.
2. Mene ne aikin ƙwayoyin filasma a jiki?
3. Lissafa alamomi huɗu na dajin ɓargo.
4. Me ya sa ake gwada hanta kafin a fara maganin daji?
5. Gaskiya ko ƙarya: duk mai ciwon hanta zai yi dajin ɓargo. Kawo dalili.
6. Lissafi: idan mutum 8 cikin 100 suna ɗauke da nau'in B, mutum nawa ake sa ran samu a cikin manya 250?

Aikin gida

Ku duba katin rigakafin ƙaramin yaro a gidanku, ku ga ko an rubuta allurar hanta ta ranar haihuwa. Ku kuma rubuta jimla biyar da za ku faɗa wa maƙwabcin da ya ce ba zai yi gwaji ba tunda lafiyarsa ƙalau. Wanda bai taɓa gwada jininsa ba a cikinku, ya daure ya je cibiyar lafiya mafi kusa da shi ya yi kafin darasi na gaba, ya kuma tafi da iyalinsa.